Likitar da Ba Ta Yin Allura

A shekarun farko bayan an yanke Taraba daga Gongola, Jalingo ta cika da daktoci. Mai kemis Dokta ne. Mai duba shanu Dokta ne. Wanda ya taɓa share ɗakin tiyata a Yola ya dawo gida da farar riga shi ma Dokta ne, kuma ya fi kowa saurin amsawa idan an kira.

Malam Abdulmumin ya san haka fiye da kowa, domin da irin waɗannan mutane yake cin abinci. Shi ne jami'in da ke tantance ma'aikatan da aka turo wa sabuwar jihar, a wani ofis mai taga ɗaya da fankar da ba ta taɓa juyawa ba. Ya kama akanta wanda lissafi ke sa shi gumi. Ya kama wani mutum da ke aiki da takardun yayansa marigayi, har da sunan. Duk da haka, ranar da zazzaɓi ya kwantar da 'yarsa Bushra, 'yar shekara biyar, shi da kansa ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta shagon Dokta Saleh na bakin kasuwa, saboda ya fi kusa kuma babu layi.

Saleh ya yi mata allura a ɗuwawu. Zazzaɓin ya sauka. Ƙafar hagu ma ta sauka, ba ta kuma tashi ba. Tafin ya saki daga idon sawu, yatsun suna kallon ƙasa. Idan tana tafiya sai ta ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata, silifas ɗinta yana zamewa ya tsaya a baya.

A asibitin gwamnati wani matashin likita mai suna Dokta Musa ya duba ta, ya yi wa uban da uwar bayani. Uwar, kowa Adda yake kiranta tun tana gidansu, saboda ita ce babba.

"Allurar ta taɓa jijiya," in ji shi. "Sau da yawa jijiyar tana farfaɗowa, amma a hankali. Abin tsoron shi ne agara. Idan ƙafa ta daɗe a sake haka, agarar tana gajarcewa ta ƙame. Ko jijiyar ta dawo, ba za ta iya ɗaga ta ba." Ya kama tafin Bushra ya lanƙwasa shi sama, ya tafi ba gardama. "Kun ga yanzu yana bin hannu. Ranar da ya daina bin hannu, magana ta canza."

"To me za ka ba ta?" in ji Abdulmumin.

"Ni ba abin da zan ba ta, ba fannina ba ne. Akwai likitocin da aikinsu ke nan, farfaɗo da gaɓoɓin yara. Ba masu ɗori nake nufi ba. Cikakkun likitoci ne da suka ƙara karatu a kan wannan. A ƙasar nan ba su da yawa."

"A ina zan sami ɗaya?"

Dokta Musa ya ce zai tambaya. Kafin ya tambaya aka tura shi kwas Zariya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya fara amfani.

Abdulmumin ya shiga nema. Aka nuna masa mai ɗori a hanyar garin Mutum Biyu. Aka nuna masa wani mai man shafawa da ya warkar da jakin hakimi. Wani abokin aiki ya rantse cewa a Yola akwai irin likitan da yake so, ya yi tattaki ya tarar likitan haƙori ne. Duk wanda aka ambata masa sai ya tuna farar rigar Saleh, da yadda shi da hannunsa ya riƙe yarinyar don kada ta motsa. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Abin da mutane suka lura da shi kawai shi ne ya daina sayen ko fanado ba tare da ya karanta kwalin ciki da waje ba.

Maƙwabciyarsu a unguwar Abbare, Alisabatu, ita ta kawo labarin. Nas ce a wani ƙaramin asibitin ƙungiya da ke unguwar Yelwa. Ta leƙo ta katanga tana wanke tukunya.

"Maman Bushra, Allah ya kawo muku. Wata likita daga Jos za ta riƙa zuwa mana duk wata, Dokta Rachael Manga. Yara masu irin wannan ƙafa ne aikinta. In an samu yara da yawa za ta ci gaba da zuwa."

Ranar da ta fara zuwa suka je su uku. Baranda ta cika da iyaye da yara, wasu a goye, wasu da sanda. Da aka kira su Abdulmumin ya shiga yana neman likita, ya ga tebur babu kowa. A ƙasa, kan tabarma, wata mata ce zaune da atamfa da ɗankwali, ta cire takalmi, gabanta ƙwallon roba da marafan kwalba a cikin tasa.

"Sannunku. Bushra ko? Zo nan mu gani ko za ki iya cinye ni."

Ta mirgina mata ƙwallo. Ta sa ta ɗauki marfin kwalba da yatsun ƙafar dama, sannan na hagu, abin ya ƙi. Ta shafa mata auduga a bayan tafi tana tambaya, nan fa, nan fa. Ta sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo, tana kallo daga ƙasa, kanta a karkace. Bushra tana ta dariya. Abdulmumin yana tsaye, hannuwa a baya, yana duba bango. Kalanda ce kawai a jiki.

Likitar ta gwada ƙafar da tef irin na tela. Ta koya wa Adda yadda za ta riƙa miƙa agarar safe da yamma. Ta ce wata mai zuwa za ta zo da takalmin roba mai tauri da za a ƙera a Jos daidai ƙafar, wanda zai riƙe tafin a tsaye har jijiyar ta farka.

"Magani fa?" in ji Abdulmumin.

"Babu."

"Allura?"

"Malam, allura ce ta kawo ku."

Ya yi gyaran murya. "Dokta, in ba damuwa, a ina kika yi karatu?"

Ta faɗa masa. Ta ambaci jami'a a nan gida da wani asibiti a ƙasar waje.

"Takardun suna kusa?"

Ta yi dariya tana tattara marafanta. "Suna bango a Jos. Ba na yawo da su, gilashin yana fashewa a hanya. Sai wata mai zuwa. Bushra, ki yi ta gwaji, zan rama."

A hanyar gida Adda ta ce matar ta kwanta mata.

"Saleh ma ya kwanta mana," in ji shi. "Kin ga abin sauraron ƙirji a wuyanta? Kin ga riga? Likita a ƙasa kamar mai sayar da gyaɗa. Na tambaye ta takarda ta yi dariya. Shekara nawa ina wannan aiki, Adda? Mai gaskiya ba ya dariya idan an ce takarda."

"To wasan da ta ce a riƙa yi wa ƙafar fa?"

"Kada a taɓa ƙafar nan. Sau ɗaya na bar wanda ban sani ba ya taɓa ta. Ki ba ni lokaci kaɗan in bincika."

Yana da hanyarsa ta aiki, wadda yake alfahari da ita. Ba ya tambayar mutum game da kansa, domin kowa waliyyi ne a bakin kansa. Yakan tambayi mutane daban-daban, kowa a keɓe, ba tare da ɗaya ya san an tambayi ɗaya ba. Idan bakinsu ya zo ɗaya, to an sami gaskiya. Hanyar ta yi masa aiki a Yola, inda gari ke da faɗi.

Ya fara da Peter, magatakardan ofishinsu, wanda ke da ƙane a Jos, kuma Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya rufe ƙofa tukuna.

"Peter, ka sa a tambaya mini wata Rachael Manga. Wai likita ce. A hankali fa, kada kowa ya ji."

"Oga, ya yi wani abu ne?"

"Ban ce ta yi ba. Tambaya ce kawai."

Sai Abbo, dillalin shanu mai kiran kowane malami Modibbo, wanda ya san kakan kowa daga nan har Gembu. Ya same shi bayan la'asar.

"Manga na wane gari?" in ji Abbo. "Manga suna da yawa, Modibbo. Akwai na kirki, akwai wanda ya ci mini bijimi."

"Shi nake so ka gano. Tsakanina da kai."

"Kay, ni da kabari ɗaya muke."

Daga nan ya leƙa ma'aikatar lafiya, ya tambayi wani mai riƙe da fayiloli ko sunanta yana wurinsu. Babu, domin ba ma'aikaciyar jiha ba ce. Mutumin ya dubi wanda ke tambayar, ya tuna aikinsa, ya gyara zama.

Abin da Abdulmumin bai sa a lissafi ba shi ne, Jalingo ta wancan lokaci babban birnin jiha ce a takarda, amma benci ɗaya gare ta. Yana gaban mai shayin bakin kasuwa, jikin shagon Saleh. A nan Peter ke karyawa. A nan Abbo ke jiran masu saye. Mai fayilolin ma'aikatar lafiya ma a nan yake cin burodi. Kowannensu ya riƙe amana yadda ya iya, wato bai faɗi sunan wanda ya aike shi ba. Peter ya tambayi benci ko akwai wanda ya san wata Manga da ake cewa wai likita ce. Abbo ya ce abin mamaki, shi ma wani babban mutum ya tambaye shi. Mai fayiloli ya kurɓi shayi ya ce shi ba zai ce komai ba, amma maganar ta kai sama. Saleh yana bakin shagonsa cikin farar riga, ya saurara da kyau. Tun da matar ta fara zuwa iyaye biyu suka fasa kawo masa yaransu.

"Ni dai abin da na ji," in ji Saleh, "ko allura ba ta iya ba."

Wata ya zagayo. Alisabatu ta leƙo ta katanga ta ce Dokta ta zo da takalmin Bushra.

"Ki ce mata muna nan tafe," in ji Abdulmumin daga cikin ɗaki. Ba su je ba.

A ofis Peter ya kawo rahoto. Ƙanensa bai amsa ba tukuna, waya ba ta shiga, amma ba sai an jira shi ba.

"Oga, matan nan, duk gari sun san shi. Ba dokita ba ne. An ce ko allura bai iya ba. An ce gwamnati ma suna bincikensa."

"Wa ya ce gwamnati tana bincike?"

"Wani na ciki ne, Oga. Na ciki sosai."

Abdulmumin ya jinjina kai. Ya yi mamakin yadda wata ma'aikata ta riga shi, ya kuma ji daɗi cewa ba shi kaɗai ke da ido ba.

Abbo ya zo da nasa bayan kwanaki. Bai gano garin su Manga ba, amma ya gano abin da ya fi haka. An ce mai rainon yara ce a gidan wani Bature a Jos, a nan ta koyi wasan ƙwallo da 'yan kalmomi. An ce manya suna bin sawunta.

"Su wa?"

"Manya dai, Modibbo. Ba a faɗin suna."

Mai fayiloli kuma, da suka haɗu a masallacin Juma'a, ya raɗa masa cewa abin da ya zo nema rannan, ashe da gaskiyarsa, yanzu ko'ina maganar ake.

Baki ya zo ɗaya. Abdulmumin ya koma gida da tsire, abin da ba ya yi sai ranar da ya kama wani.

"Kin gani?" ya ce wa Adda. "Mutum uku, ba wanda ya san na tambayi ɗan'uwansa. Da mun miƙa mata yarinya."

"To yanzu ina za mu kai ta?"

"Ana nema."

"Baban Bushra, tun rani ake nema. Ga shi an fara cin sabuwar masara."

Ana nema ɗin gaskiya ne. Ya aika saƙo Maiduguri, ya aika Kano. Kowane suna aka kawo masa yakan sa shi a hanyarsa ta bincike, kuma cikin ikon Allah babu wanda ya fito da rai. Bushra ta daina zuwa makarantar rainon yara, saboda wani yaro yana kwaikwayon tafiyarta kuma ya iya. Ta koma wasa a tsakar gida. Ta tara marafan kwalba a gwangwanin madara, tana ɗauka da ƙafar dama.

Alisabatu ta daina leƙowa ta katanga. Idan sun haɗu a famfo gaisuwa ce kawai.

Wata safiya Adda tana yi wa Bushra wanka a baho, ta kama tafin don ta cuɗa ƙasansa. Ta tsaya. Ta tura tafin sama, ya ƙi. Ta ɗauko yarinyar a jiƙe, da kumfa a jikinta, ta dire ta a kan cinyar ubanta yana shirin ofis.

"Tura."

"Adda, kayana..."

"Tura ƙafar nan sama."

Ya tura. Tafin ya ɗan motsa ya tsaya, kamar ƙofar da aka sa wa dutse a baya. Ya ƙara ƙarfi, Bushra ta yi ƙara. Ya saki.

"Jibi take zuwa," in ji Adda. "Na tambayi Alisabatu. Kuma zuwan ƙarshe ne. Ni zan kai ta. In ka ga dama ka biyo mu, in ka ga dama ka tsaya ka tambayi mutum uku ko ni matarka ce."

Ya biyo su. Ya gaya wa kansa cewa zai je ne ya sa ido.

Barandar asibitin babu kowa sai wata tsohuwa da jikanta, sai akuya. Alisabatu tana zaune a bakin ƙofa, ta amsa gaisuwarsu ba ta ɗago ba.

"Ina mutane?" in ji Abdulmumin.

"Sun ji gwamnati za ta kama ta, wa zai kawo ɗansa? Akwai yaron da ya fara tsayuwa da ƙafarsa, ubansa ya cire masa takalmin ya jefa a masai." Sai yanzu ta ɗago. "Mun bi maganar, Baban Bushra. An ce daga ofishin tantance ma'aikata ta fito."

"Ofishinmu bai taɓa buɗe mata fayil ba."

"Haka muka ji."

A ciki tabarmar tana nan. Dokta Manga tana zaune a kanta, amma yau ba ta fito da ƙwallo ba. Ta yi wa Bushra murmushi, ta dubi uban.

"Malam mai takardu. An gama binciken?"

"Dokta, ni tambaya kawai na yi."

"Na sani. Kawo ta."

Ta jawo wata jaka ta fito da takalmin. Fari ne, ƙarami, da maɗauri biyu, an rubuta sunan Bushra a gefe da jan biro. Ta sa ƙafar a ciki. Dunduniyar ta ƙi sauka, ta tsaya a sama, da tazarar da yatsu biyu za su shiga. Ta gwada a hankali, ta sake gwadawa, ta cire ta ajiye shi gefe.

"Duk zuwa ina ɗauko shi in mayar," ta ce. "An yi mata miƙar da na nuna?"

Adda ta dubi mijinta. Mijin ya dubi kalanda.

Likitar ta shafa audugarta a bayan tafin. Bushra ta ce tana ji. Likitar ta ce mata ta gwada ɗaga babban yatsa, kamar tana gaishe da shi. Dukansu suka sunkuya. Yatsan ya yi ɗan rawa.

"Kun gani? Jijiyar tana dawowa. Ta yi nata. Agarar ce ta ƙame." Ta zauna sosai. "Da a watan farko ne, takalmin nan da hannun mamanta sun isa. Yanzu sai an sa mata filasta, a riƙa canzawa ana ƙara miƙewa kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, sai a yi mata ƙaramin aiki a tsawaita agarar. Ba a nan ba. Ba ni da kayan a nan, kuma ba zan sake zuwa ba. Ƙungiyar ta mayar da ranar wani gari."

"In an bari fa?" in ji Adda.

"Za ta girma tana taka ƙasa da yatsu. Kuma kowane wata da ya wuce aikin yana ƙara girma."

Abdulmumin ya lura cewa abin da ta faɗa ya yi daidai da na Dokta Musa. Ya kuma lura cewa mai rainon yara mai wayo za ta iya haddace irin wannan. Tunanin biyu suka zauna a kansa, ba wanda ya ba ɗaya wuri.

"A Jos ɗin, ke za ki yi mata?"

"Ni da abokan aikina. Ku zo ranar Litinin. In kun iso za ka ga bangon, ka karanta har ka gaji."

"Su abokan aikin naki, su wane ne?"

"Baban Bushra," in ji Adda. Ba ta ɗaga murya ba.

Dokta Manga ta miƙa wa Bushra takalmin ta ce ta riƙe, wataƙila a gyara shi daga baya. Ta kira Alisabatu ta ce a shigo da tsohuwar.

A gida Abdulmumin ya ce zai so a ba shi ko mako guda. Ba wai yana zargi ba. Akwai wani tsohon abokin karatunsa a Jos da zai iya leƙawa ya ga ko asibitin ma yana nan.

"Ka ji abin da zan faɗa maka," in ji Adda tana ninke kayan yarinyar a cikin jaka. "Ban san ko likita ce ba. Kai ma ba ka sani ba. Peter bai sani ba, Abbo shanu ya sani. Abin da na sani shi ne ƙafar nan jiya ta fi yau. In ka tambayi ko da mutum ɗaya daga nan zuwa Litinin, ni da ita za mu tafi, kai ka zauna da amsarka."



Ranar Asabar ya je ya nemi izini a gidan shugabansa. A hanya ya wuce bencin mai shayi. Abbo ya ɗaga masa hannu, Peter ya taso da kofinsa.

"Oga, ka ji? Matan nan ya gudu! Sun ce ba zai sake zuwa ba. Da ma mun faɗa."

Saleh yana bakin shago yana murmushi irin na wanda gaskiya ta yi halinta a gabansa. Abdulmumin ya dubi bencin, ya dubi mutanen da ke kai ɗaya bayan ɗaya, har da mai fayilolin ma'aikatar lafiya da burodinsa a hannu. Mutum ukun da ya tambaya duk ga su a wuri ɗaya. Sannan ya ce yana sauri.

Lahadi da safe suka je tasha. Fijo ce mai bin Numan da Gombe da Bauci, kuma ana wahalar mai, don haka direba ya ce ba zai tashi ba sai ya cika har da gaba mutum biyu. Suka sami kujerar tsakiya. Adda a jikin taga, Bushra a cinyar ubanta da takalmin roba a rungume, ƙafar hagu tana lilo. Kusa da shi wani mutum ne mai babbar riga da jakar hannu, irin waɗanda tafiya ba ta yi musu daɗi sai da hira. Ya dubi ƙafar, ya dubi takalmin.

"Allah sarki. Asibiti za a kai ta?"

"E."

"Jos? Wurin wa?"

Abdulmumin ya yi jinkiri, sannan ya faɗi sunan.

Mutumin ya ja baya ya dube shi sosai. Ya rage murya, ya matso.

"Manga? Wadda take zuwa Yelwa? Malam, ni a Jos nake zaune shekara da shekaru. Na san matar nan, na san asibitin, na san abin da ba kowa ya sani ba. Kana so ka ji?"

Yana so. Duk jikinsa yana so. Ga mutum daga wani gari, wanda ba ya shan shayi a bakin kasuwa, shaidar da ya yi wata da watanni yana nema, ta zo ta zauna kusa da shi a kyauta. Daga fuskar mutumin ba a gane ko yabo ne a bakinsa ko akasin haka. Adda tana kallon waje, inda wata yarinya ke tallar dafaffiyar gyaɗa. Ba ta juyo ba.

Abdulmumin ya sa hannu a ƙarƙashin tafin Bushra ya tallafe shi don kada ya yi ta lilo a hanya.

"A'a," ya ce. "Na gode."

"Ai don amfaninka ne."

"Na sani. Direba, saura mutum nawa?"

Saura ɗaya. Abdulmumin ya ce a tashi, shi zai biya kuɗin kujerar.